DOKIN SUKUWA DA JAKIN KASUWA: TARIHIN BABUR MAI GUDU

A ƙasar Hausa ta da, mai hali yakan ɗaure dabbobi biyu a gidansa, doki domin hawan salla da sukuwa, jaki kuma domin kai taki gona da ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Wanda ba shi da hali kuwa, abin da Allah ya ba shi shi ne na salla, shi ne na kasuwa. Mai karatu ya riƙe wannan misali, domin shi ne zai yi mana jagora cikin tarihin babur mai gudu, wato irin wanda ake ƙerawa da siffar na tsere amma a maƙala masa lamba a sake shi a kan titi, wanda samarinmu ke kira fawa-baik. Mafi yawan wannan tarihi a Ingila aka yi shi, sannan Japan ta shigo ciki, don haka can za mu nufa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta fito a talauce. Har zuwa 1950 da kati ake raba fetur, mota kuwa sai wane da wane. Leburan masana'anta da makaniki da yaro ɗan koyon sana'a, duk babur ne abin hawansu, mai iyali ma yakan ɗaura wa nasa akwati mai taya ɗaya a gefe ya zuba matarsa da 'ya'yansa. Kamfanoni irin su BSA da Norton a birnin Birmingham, da Triumph a ƙauyen Meriden kusa da Coventry, su ne ke riƙe da kasuwa. Da aka sassauta dokar sayen kaya bashi ana biya kaɗan-kaɗan, sai ciniki ya buɗe, har a shekarar 1959 kaɗai aka yi wa sababbin babura manya da ƙanana fiye da 300,000 rajista a ƙasar.

To, saurayin da ya ci bashi ya sayi babur, babur ɗaya gare shi. Da shi zai tafi aiki da asuba cikin hazo da ruwan sama, da shi kuma zai fita da dare ko ran Lahadi ya nuna wa tsaransa shi ma ya isa. Matattarar irin waɗannan samari ita ce gidajen shayin da aka gina wa direbobin manyan motoci a bakin hanya, saboda ba a rufe su dare da rana, kuma kofin shayi ɗaya ya isa mutum ya zauna har gari ya waye. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Ace Cafe, a kan titin North Circular da ke arewa maso yammacin Landan. An buɗe shi a 1938, bam ya lalata shi a 1940, aka sake gina shi a 1949.

Burin kowane yaro a wurin shi ne babur ɗinsa ya kai gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. A lokacin babu dokar da ta ƙayyade gudu a hanyoyin bayan gari, sai a Disambar 1965 aka sa iyakar mil 70. Baburan kanti kaɗan ne ke iya wannan gudu, kamar BSA Gold Star da Triumph Bonneville wanda ya fito a 1959, su kuwa suna da tsada. Saboda haka sai yaran suka koma ga sifana. Su cire duk wani ƙarfe da bai zama dole ba, su sauke hannun babur ƙasa, su mayar da matakin ƙafa baya, domin mutum ya kwanta a kan tanki iska ta bi ta bayansa, kamar yadda suke ganin 'yan tsere na yi a tsibirin Isle of Man, inda ake gasar TT tun 1907. Wasu ma sukan ɗauko injin Triumph, wanda ya fi ƙarfi, su dasa shi a gangar jikin Norton, wadda ta fi iya shan kwana, su haɗa sunayen biyu su ce Triton. Akwai labarin da ake bayarwa cewa akan jefa kwabo a akwatin faifai, yaro ya buga kik ya je shataletale ya dawo kafin waƙar ta ƙare. Ko an yi ko ba a yi ba, abin da ya tabbata shi ne titin ya ci samari da yawa, jaridu kuma suka sa su gaba da zagi. Wani limamin coci mai suna Bill Shergold, wanda shi ma mahayin babur ne, shi ya je har Ace Cafe a 1962 ya gayyato su, daga nan ƙungiyar nan ta 59 Club ta zama ta masu babura, ta tara dubban mambobi.

Abin lura a nan, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan labarin, shi ne duk gyaran da yaro zai yi wa babur ɗinsa yana da iyaka, domin ran Litinin da safe dole ya tashi ya kai shi aiki. In ya matsa wa inji har ya fashe ran Lahadi, to, zai yi mako yana bin bas, kuma ga bashi yana jiransa. Talauci ne ya riƙe linzamin.

A shekarar da Bonneville ya fito, a cikinta ne kuma aka fito da ƙaramar motar nan Mini, kuɗinta bai kai fam 500 ba. Saurayin da ya yi aure ya ga zai iya zuwa aiki ba tare da ya jiƙe ba, sai ya sayar da babur. Cinikin babura ya faɗi, Ace Cafe ya rufe a 1969. A wannan shekarar ce kuma Honda ta Japan ta kawo CB750, mai silinda 4, da birkin faifai a tayar gaba, da maɓallin tayar da inji, yana gudun kusan kilomita 200 a awa, ga shi ba ya zubar da baƙin mai a ƙofar gida kamar yadda baburan Ingila suka saba. Kawasaki ta biyo da Z1 a 1972. Kafin a ankara BSA ta durƙushe a farkon shekarun 1970, masana'antar Triumph ta Meriden kuma, duk da ma'aikata sun karɓe ta suna gudanarwa da kansu, ta rufe a 1983.

Baburan Japan na shekarun 1970 dai har yanzu na kowane aiki ne. Mutum yana zaune a miƙe, zai iya goya matarsa, zai iya ɗaure jaka a baya. Rabuwar doki da jaki ta zo ne a tsakiyar shekarun 1980. Kawasaki ta fito da GPZ900R, wanda aka yi wa laƙabi da Ninja, a 1984, sai Suzuki ta kawo GSX-R750 a 1985, mai gangar jiki ta alminiyam, nauyinsa bai kai kilo 180 ba in babu mai a ciki, an lulluɓe shi da murfin roba mai tsaga iska, kai ka ce daga filin tsere aka turo shi aka liƙa masa fitila. Abin da yaran Ace Cafe suka yi ta wahala da sifana domin su samu, ga shi yanzu a kanti. Da aka fara gasar duniya ta Superbike a 1988, wadda dokarta ta ce sai da irin baburan da ake sayar wa jama'a za a shiga, sai kamfanoni suka shiga ƙera na kanti da tsere a zuciyarsu. Honda ta fitar da Fireblade a 1992, aikin injiniya Tadao Baba, Ducati ta Italiya ta fitar da 916 a 1994, wanda Baturen Ingila Carl Fogarty ya yi suna a kansa, ya ci kambun duniya sau 4 a 1994 da 1995 da 1998 da 1999. Yamaha R1 ya zo a 1998 da ƙarfin doki 150. Suzuki ta rufe ƙarnin da Hayabusa a 1999, wanda ya haura kilomita 300 a awa. Sunan na wani shaho ne a harshen Japananci, kuma ba a rasa tsokana a ciki ba, tunda babur ɗin Honda da ya zo ya kayar sunansa Blackbird, tsuntsun da shahon ke farauta. Tsoron kada gwamnatocin Turai su sa doka ya sa kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu wajen shekarar 2000, suka tsayar da gudu a kusan kilomita 300.

Bari mu ga yadda irin wannan babur yake a hanyar zuwa aiki. An tsara zamansa ne domin gudu, inda iska ke tallafe ƙirjin mahayi. A cikin cunkoso babu iskar, don haka duk nauyin jiki a kan wuyan hannu yake sauka, wuya ya ƙage saboda ɗaga kai, gwiwa ta naɗe. Kansa ba ya juyawa sosai, sai ya zama kewaya motar da ta tsaya aiki ne. Giyar farko kaɗai tana wuce kilomita 100 a awa, wato mai shi zai wuni yana matsa kuloci, zafin inji kuma yana gasa masa cinya. Tayarsa mai taushi ce domin ta kama kwalta a kwana, tafiyar miƙaƙƙen titi kullum tana cinye tsakiyarta ta bar gefe sabo. Babu wurin ɗaure ko da kwanon abinci. Ga kuɗin inshora, ga ɓarayi da ke sa masa ido. Ba mamaki da 'yan aiken Landan na shekarun 1980, waɗanda babur ne gonarsu, suka fi riƙe irin su Honda CX500 da Kawasaki GT550, marasa kyan gani amma masu jure wahala.

Wa ke sayen na tseren ke nan? Galibi magidanta ne 'yan shekara 35 zuwa 50, masu mota a ƙofar gida, waɗanda suka hau babur a ƙuruciya suka bari, 'ya'ya suka tasa, aljihu ya yi nauyi, sai marmari ya dawo. Wata doka ta 1997 ma ta ba wanda ya kai shekara 21 damar yin jarrabawar lasin kai tsaye a kan babban babur. Sai babur ya koma kwana a gareji duk damina da hunturu, ran Lahadin da rana ta fito a goge shi, a sa rigar fata mai launin ta gwanin da ake so, a nufi Box Hill a Surrey, ko Matlock Bath a Derbyshire, a jera babura a sha shayi, kowa yana duban tayar ɗan'uwansa ya ga iyakar inda ya kwantar da ita a kwana.

Wannan hawa na Lahadi ya fi na zuwa aiki daɗi, amma akwai abin da ya rasa. Mai hawa kullum hannunsa ya saba, ya san santsin titi da halin direbobi. Wanda ya yi wata 5 bai hau ba, sannan ya ɗare abin da ya ninka na ƙuruciyarsa ƙarfi sau biyu ko uku, a hanyar karkara mai kwana-kwana, shi da ajali suna kallon juna. Masu babura ba su wuce kashi 1 cikin 100 na zirga-zirgar titunan Birtaniya ba, amma kusan kashi 20 cikin 100 na masu mutuwa a hanya su ne, kuma mafi yawa a hanyoyin karkara. Hanyar Cat and Fiddle, tsakanin Macclesfield da Buxton, ta sha zuwa ta ɗaya a jerin hanyoyi mafi hatsari a ƙasar, har wajen 2010 aka kafa mata kyamarori masu auna matsakaicin gudu. Hular kwano dai dole ce tun 1973, sai dai ba ta hana karyewar wuya.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda suka nace da zuwa aiki a kan na tseren, musamman a Landan, inda doka ta yarda babur ya kutsa tsakanin motocin da suka tsaya, kuma da aka sa harajin shiga tsakiyar birni na fam 5 a 2003 aka yafe wa babura. Wasu kuma, in suka faɗi murfin roba ya farfashe, kuɗin sabo ya gagara, sai su cire shi gaba ɗaya su ɗaga hannun babur sama. Kamfanoni suka ga haka suka fara ƙera shi a hakan tun daga masana'anta: Ducati Monster a 1993, Suzuki Bandit a 1995, SV650 a 1999. Magidantan nan kuwa, da baya ya fara ciwo, kyamarori suka yi yawa a hanya, sai suka koma dogayen babura irin BMW R1200GS na 2004, masu zama a miƙe da akwatunan kaya, wanda ke son gudu na gaske kuma ya biya kuɗi ya shiga filin tsere na wuni ɗaya. Kasuwar na tseren ta yi ta raguwa, dokokin hayaƙi na Turai suka ƙara mata nauyi. Yamaha ta daina sayar da R6 na hawa titi bayan 2020, daga 2025 kuma R1 ɗin kansa a Turai sai na filin tsere kawai. Waɗanda suka maye gurbinsu, irin Aprilia RS 660 na 2020 da Yamaha R7 na 2021, masu silinda 2 ne, ƙarfinsu bai kai na magabatansu ba, amma ana iya ratsa gari da su. Shi ma Ace Cafe an sake buɗe shi gaba ɗaya a 2001, da yawan masu zuwa da furfura a ƙarƙashin hular kwano.

Saurayi mai babur ɗaya kuwa, wanda muka baro a titin North Circular, yau a Asiya za a same shi. A 2008 Yamaha ta fito da R15 a Indiya, mai inji ɗan cc 150 amma da cikakkiyar siffar na tsere, Kawasaki Ninja 250 kuma ya kama kasuwar Indonisiya. Kamfanin Bajaj, mai Boxer ɗin nan da ya cika titunanmu, shi ne ke ƙera ƙananan baburan KTM irin RC 390 a masana'antarsa ta Chakan kusa da birnin Pune. Ma'aikacin ofis ɗan shekara 25 a Bangalore yakan ci bashin banki ya sayi irin wannan, ya yi kwana 6 yana kutsawa da shi cikin cunkoso da jakar kwamfuta a bayansa, ran Lahadi kuma tun kafin alfijir ya haɗu da abokansa su hau tsaunin Nandi, kimanin kilomita 60 daga birnin, su sha shayi a bakin hanya, su sauko kafin rana ta yi zafi.