Gaɓar Ruwan Ikko da Shari'ar Kamfanin John Holt, 1915

Sa'ad da Sarkin Ikko Dosunmu ya sa hannu a takardar ba da ƙasarsa ga Ingila cikin watan Agusta na 1861, akwai fataken Turawa da suka riga suka kafa kantuna a bakin ruwa, wurin da ake kira Marina. Igiyar ruwa ta yi ta cin gaɓar, saboda haka masu filaye suka gina katangu don tare ta, aka cike bayansu da ƙasa. A kwana a tashi, wurin da dā ruwa ke rufewa ya zama tudu, suka gina sito da kwata a kai.

Daga nan gardama ta tashi. Bisa dokar Ingila, tsirin ƙasar da ruwa ke rufewa in ya cika, ya bari in ya janye, mallakar Sarki ne. Amma kuma dokar ta ce in ruwa da kansa ya tara wa mutum ƙasa a hankali, har ido bai iya ganin ƙaruwarta, to, ta zama tasa. Gwamnatin Nijeriya ta Kudu ta riƙe hukuncin farko, Kamfanin John Holt na Liverpool ya riƙe na biyu. Magana ta kai har gaban alƙalan Majalisar Sarkin Ingila a London, inda ɗaukaka ƙara ke tuƙewa a wancan zamani.

Cikin 1915 suka yanke cewa ƙasar da hannun mutum ya cike ba ɗaya take da wadda ruwa ya kawo ba, don haka ta Gwamnati ce. Duk da haka ba su kori kamfanin ba. Suka ce hakkinsa na isa ga ruwa yana nan, kuma tun da hukuma ta ƙyale aikin, ta amfana da kariyar da ya yi wa gaɓar, sai a ɗauka ta ba da iznin da ba ta da ikon janyewa na yin gini da ajiye kaya a wurin. Watau an raba mallakar ƙasa da cin moriyarta, kowa ya tashi da rabonsa.

Maganar ba ta mutu ba. Cikin 1993 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 52, ta mayar da filayen da ke cikin mita 100 daga gaɓar 1967, da waɗanda aka cike, hannun Gwamnatin Tarayya, abin da ya jawo ƙararraki daga masu ƙasa. Cikin Janairu na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ba Tarayya gaskiya a kan Jihar Legas game da ikon hanyoyin ruwa. Mai nazarin waɗannan dokoki zai ga tambayar 1915 ce ke dawowa: in hukuma ta ja sabon layi a gaɓa, mene ne hakkin wanda ya kashe dukiyarsa ya tsare ta tun kafin a ja shi?