Tulun Tunawa: Yadda Jikokin Bayi a Amurka Suka Adana Tarihinsu

Yau ina so in ba mu tarihin wani tulu da baƙaƙen fatar kudancin Amurka suka shahara da yi daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, wanda ake kira tulun tunawa.

Yinsa ba wuya. Za a samu tulu ko kwalba, a shafe jikinsa da siminti ko danƙon da ake liƙe gilashin taga. Kafin ya bushe sai a danna ƙananan kayan mamaci a ciki: maɓallin riga, makulli, kwabo, wuri, lofe, tabarau, fasasshen tangaran. Wasu kan bi shi da fenti mai ruwan zinare. Daga nan a kai shi kan kabari ko a ajiye a ɗaki.

Ina asalinsa? Cikin mutum kusan miliyan 12 da rabi da aka loda a jiragen bayi, kimanin 388,000 ne aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu nasu daga yankin Kwango da Angola suka fito. Mutanen Bakongo kan jera tukwane da kayan da mamaci ya yi amfani da su a kan kabarinsa. Masani Robert Farris Thompson ya nuna cewa an ga irin wannan a maƙabartun baƙaƙe na jihohin Karolina ta Kudu da Jojiya. Wasu masana kuma na cewa matan Turawa na zamanin Sarauniya Biktoriya ma sun yi wannan ado don sha'awa, don haka al'adun biyu sun cuɗanya.

Abin lura shi ne, kafin a soke bauta a 1865, jihohin kudu da dama sun haramta koya wa bawa karatu. An raba shi da sunansa da harshensa, ba shi da littafin da zai rubuta kakanninsa. Maɓalli da makulli su suka zame wa jikokinsa takarda.

Mu Musulmi ba ma ɗora kaya a kan kabari, addu'a ce guzurin mamacinmu. Amma darasin ya shafe mu. Tun 1916 aka kafa Sabo a Ibadan, inda aka haife ni. A akwatin mahaifina akwai anini mai huji da sulen da aka daina karɓa bayan zuwan naira a 1973, da makullin shagon goron kakanmu. Ƙannena ba su san ko mene ne ba.

Shawarata, kafin mu zubar da tarkacen tsofaffi, mu tambaye su labarin kowane abu, mu rubuta, mu adana. Mai so ya manna su a tulu ya ajiye a falo, yaro ya nuna ya yi tambaya. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.