Wa Ke Zaɓar Garin Da Za A Yi Kisan? Matsin Kamfanonin Ɗab'i Kan Marubutan Binciken Laifi

Lokacin da Louise Penny, tsohuwar ma'aikaciyar gidan rediyon CBC na Kanada, ta kammala littafinta na farko, Still Life, ta sha yawo da shi ba a karɓa ba. Ta faɗa a hirarrakinta cewa cikin amsoshin da ta samu har da wai babu mai sayen labarin binciken kisa da ya faru a Kanada. Sai da rubutun ya zo na biyu a gasar Debut Dagger ta ƙungiyar marubutan labaran laifi ta Birtaniya sannan aka saurare ta, littafin ya fito a 2005. A 2013, How the Light Gets In ya hau saman jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times, alhali tana nan ba ta bar Three Pines, ƙauyen da labaranta ke faruwa, ba.

Hujjar kamfanonin ba ta rasa tushe. Mutanen Kanada kusan miliyan 40 ne, na Amurka sun haura miliyan 330, kuma edita da ke neman mayar da kuɗin takarda da talla zai duba inda masu saye suka fi yawa. Daga nan shawarar ke fitowa: a tsallakar da labarin iyaka, a sauya sunan gari da na rundunar 'yan sanda, sauran duk ɗaya ne. Wannan "duk ɗaya ne" shi nake jayayya da shi.

A labarin binciken laifi, wuri yana cikin ƙashin bayan makircin. Shi ke ƙayyade wace doka aka karya, wa ke da hurumin kama mutum, wa zai buɗe baki a gaban hukuma, wa zai ja bakinsa ya yi shiru don kare nasa. Armand Gamache, jarumin littattafan Penny, jami'i ne na rundunar 'yan sanda ta Sûreté du Québec, Bafaranshen Kanada da ke bincike cikin tsirarun masu jin Ingilishi, kuma kowace tambaya da zai yi tana ratsa tsohuwar rashin yarda da ke tsakanin al'ummomin biyu. A Bury Your Dead (2010), kisan ya rataya ne a kan neman kabarin Samuel de Champlain, wanda ya kafa birnin Quebec a 1608, kabarin da har yau ba a gano ba. In aka kai wannan labari Vermont, wadda ke maƙwabtaka da yankin, dalilin kisan ma ya zube. Tsintsiya ce aka kwance mata ɗauri.

Matsin kuma ya girme wa Penny nesa ba kusa ba. Bayan Marcel Duhamel ya kafa jerin Série Noire a kamfanin Gallimard a 1945, kasuwar Faransa ta kamu da son labaran Amurka, har marubutan gida suka riƙa aron suna: Serge Arcouët ya fito a matsayin Terry Stewart a 1948, Jean Meckert ya zama John Amila. Tun kafin haka ma, Léo Malet ya fara da sunaye irin su Frank Harding. Amma aikin da ake tuna shi da shi yau, shi ne wanda ya dawo da shi gida: jaruminsa Nestor Burma a littafin 120, rue de la Gare (1943), sai jerin da ya soma a 1954 yana bin unguwannin Paris ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta 15 daga cikin 20. Mu ma a Najeriya mun ɗanɗani irin wannan haja. James Hadley Chase, wanda ɗaliban sakandare suka yi ta ba juna aron littattafansa har bango ya yage, Bature ne ɗan Ingila da ya gina Amurkarsa da taswira da ƙamusun karin magana. Labaransa na da daɗin karatu, ba shakka, sai dai da wuya ka tuna wani gari nasa da za ka ce ka san mutanensa.

Za a iya cewa kasuwa ta gyara kanta. Littafin Peter May, The Blackhouse, da ya faru a tsibirin Lewis na Sukotlan, kamfanonin Birtaniya sun ƙi shi, ya fara fitowa da Faransanci a 2009, sai a 2011 kamfanin Quercus ya buga shi da Ingilishi ya samu karɓuwa. Nasarar Stieg Larsson, wanda aka fassara shi zuwa Ingilishi a 2008, ta sa aka shiga farautar marubutan Suwidin da Norwe da Aisland. A ganina matsin bai mutu ba, riga ya sauya. Da ana cewa marubuci ya bar garinsu don ba a san shi ba. Yanzu ana son garin ne in yana da baƙunta da za ta yi kyau a bangon littafi, ƙanƙara ko tsibiri ko hamada. Wanda labarinsa ya tsiro a ƙaramin garin masana'antu a Ontario, inda babu abin ɗaukar hoto, har yanzu zai iya jin tambayar ko ba zai matsa da shi wani wuri ba. A irin wannan gari Howard Engel ya ajiye jaruminsa Benny Cooperman tun 1980, ya kira garin Grantham, ya ɗauko siffarsa daga St. Catharines inda ya tashi.