Musa Ɗanƙwairo: Makaɗin fadar da ya fita daga Maradun ya karaɗe Arewa

Alhaji Musa Ɗanƙwairo yana cikin manyan makaɗan fada da ƙasar Zamfara ta fitar a ƙarni na 20. An haife shi wajen shekarar 1909 a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, ya kuma rasu a 1991, shekara 5 kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara.

Gadon kiɗa ya yi. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne da ya zauna ƙarƙashin sarautar Maradun. A hannunsa Musa ya fara koyon amshi tun yana yaro, daga baya ya bi yayansa Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. Da kiɗan noma gidan ya fara suna, sannan ya koma ga waƙar sarauta.

Kotso shi ne abin kiɗansa, wato ganga mai baki ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa, a kaɗa ta da hannu. Ɗanƙwairo kan kafa gindin waƙa, ya riƙa jero ɗiyanta, 'yan amshi suna karɓa suna ƙarawa, har sauti ya koma kan gindin. A cikin ɗiyan nan yake zuba kirari, ya jero asalin sarki da kakanninsa, ya yi wa abokan hamayya zambo da habaici, duk da karin harshen Zamfara.

A al'ada, makaɗin fada na ubangida ɗaya ne: shi ke ba shi doki da riga da hatsi, kuma sai da izininsa yake fita yawon kiɗa. Rayuwar Ɗanƙwairo ta sauya ne lokacin da ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Tafiye-tafiyen Sardauna da gidajen rediyo suka kai muryarsa inda doki bai kai ba. Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, ya ci gaba da zagaya fadoji, ya waƙe Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero. Waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu tana cikin bakandamiyoyin da har yau ake sauraro daga Gusau zuwa Magami.

Ba shi kaɗai yankin ya fitar ba. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III.

Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun nazarci waƙoƙin waɗannan makaɗa, domin taska ce ta tarihi: sunayen sarakuna, garuruwa, sarautu da tsofaffin kalmomi. Duk faifan da ya lalace ba a adana shi ba, da wani yanki na tarihin Zamfara yake tafiya.