Littafin Kwali a Ajantina

Mu da muka taso muna ganin alaramma a Bebeji yana ɗaure takardun Alƙur'ani tsakanin kwali biyu kafin ya sa a gafaka, wannan labari ba baƙo ba ne gare mu.

A 2001 tattalin arzikin Ajantina ya durƙushe, magidanta a Buenos Aires suka koma tsintar kwali a bola. To, a 2003 marubuci Washington Cucurto da Javier Barilaro da Fernanda Laguna suka kafa maɗaba'ar Eloísa Cartonera. Sai su sayi kwalin wurin 'yan bolar sama da kuɗin kasuwa, su yanka bangon littafi, su zane shi da hannu. Har César Aira ya ba su rubutunsa. A 2004 mutanen Lima ta ƙasar Peru suka kwaikwaya.