Gubar Dalma: Yadda Gurɓatar Ƙasa Ke Zama Ajalin Ƙananan Yara

Gubar dalma na ɗaya daga cikin nau'o'in gurɓatar muhalli mafi haɗari da aka taɓa fuskanta a Nijeriya. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma ido ba ya iya bambanta ƙurar da ke ɗauke da ita daga ƙurar tsakar gida. Abin da ya auku a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ya nuna yadda ƙasar da mutane ke takawa kullum za ta iya zama sanadin mutuwar ɗaruruwan yara cikin 'yan watanni.

Mece ce dalma?

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da laushi wadda ake samu a cikin duwatsu. Ana amfani da ita wajen haɗa batirin mota, an kuma daɗe ana zuba ta a fenti da man fetur. Sai a shekarar 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma a duk faɗin duniya, bayan da Aljeriya, wadda ita ce ƙasa ta ƙarshe, ta ƙarar da wanda ya rage mata.

Jikin ɗan Adam ba ya buƙatar dalma ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi nata a cikin jini da za a ce ba ya cutarwa. Ba ta ruɓewa kamar shara, ba ta kuma ƙonewa ta ɓace. Idan ta zuba a wuri, tana nan har sai an kwashe ta.

Abin da ya faru a Zamfara

A wasu sassan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, dutsen da ke ɗauke da zinare yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Da farashin zinare ya tashi a kasuwannin duniya, manoma da dama suka koma haƙar ma'adinai. Sukan kawo duwatsun cikin gari, a farfasa su da guduma, a daka a turmi ko a niƙa da injin irin wanda ake niƙa hatsi da shi, sannan a wanke, a shanya a tsakar gida. Mata da ba sa fita suna yin wannan aiki a cikin gidajensu, yara na rarrafe a gefe.

Niƙan busasshen dutse yana tayar da ƙura mai laushi. Ita ce ta sauka a ƙasa da tabarmi da kwanukan abinci da bakin rijiyoyi. A wasu wurare, gwaji ya nuna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a cikin ƙasa, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga filin wasan yara bai wuce kashi 400 cikin miliyan ba.

Alamar farko ta bayyana ne a jikin dabbobi. A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ƙarewa a ƙauyukan, amma ba wanda ya danganta hakan da niƙan dutse. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ƙasa, MSF, waɗanda ke sa ido kan cutar sanƙarau, suka samu labarin yawan mutuwar yara. Yaran na amai, suna jijjiga, suna suma, kuma magungunan zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba su yi musu aiki ba. Gwajin jini ne ya tabbatar da cewa gubar dalma ce.

Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta gudanar tare da hukumomin lafiya na Nijeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya an ƙiyasta cewa aƙalla yara 400 ne suka rasa rayukansu, dubbai kuma suka kamu. Daga cikin garuruwan da abin ya shafa akwai Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Bagega.

Dalilin da ya sa yara suka fi cutuwa

Ƙaramin yaro yana rayuwa ne kusa da ƙasa. Yana rarrafe, yana wasa da turɓaya, yana kai hannu baki sau da yawa a yini. Ban da haka, hanjinsa yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa. Idan yaron na fama da ƙarancin abinci mai gina jiki, musamman sinadarin ƙarfe da na gina ƙashi, jikinsa yakan ƙara karɓar gubar.

Idan dalma ta shiga jini takan isa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, daga baya ta taru a ƙashi da haƙora, inda take iya zama shekaru masu yawa. Idan ta yi yawa sosai tana kumbura ƙwaƙwalwa, ta jawo jijjiga da dogon suma da mutuwa. Yaran da suka tsira daga wannan mataki wasunsu kan rasa gani ko ji, ko su samu naƙasar ƙwaƙwalwa ta dindindin. Ko da kaɗan ce, tana rage kaifin basira, tana kawo ƙarancin jini da wahalar koyon karatu, galibi ba tare da iyaye sun ga wata alama ba.

Manya ma ba su tsira ba. Tana haddasa musu hawan jini da ciwon ƙoda. Ga mai juna biyu, dalmar da ta daɗe a ƙashinta takan sake komawa cikin jini ta isa ga ɗan tayi, lamarin da ke iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci.

Illa ga ƙasa da ruwa da dabbobi

Wankin garin dutse a tafkuna da kududdufai yana barin gubar a cikin laka. Shanu da awaki suna shan ruwan, kaji da agwagi suna tsattsagar ƙasar. Da rani ya yi, lakar takan bushe ta koma ƙura, iska ta kai ta gonaki da wuraren da ake sussukar hatsi.

Akwai kuma zaiba, wadda masu haƙa ke kira makuri, da ake haɗawa da garin dutse domin ta kama zinare. Idan aka ƙona curin, tururinta yana shiga huhu ya lalata jijiyoyi, ragowar kuma takan bi ruwa ta taru a jikin kifi. Ramukan da aka bari a buɗe suna cinye ƙasar noma, suna kuma ruftawa da mutane da dabbobi.

Magani da tsabtace muhalli

Akwai maganin da ke kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma da shi MSF ta yi wa dubban yara jinya. Sai dai maganin ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace, ba shi kuma da amfani idan yaro zai koma gidan da gubar take. Saboda haka aka ɗauki ƙa'idar cewa sai an tsabtace gari kafin a ci gaba da ba yaransa magani a gida.

Aikin tsabtacewar, wanda ƙwararru daga TerraGraphics da Blacksmith Institute suka jagoranta tare da ma'aikatan jihar, ya ƙunshi kankare saman ƙasar kowane gida, a binne ta a keɓantaccen rami, a zuba sabuwa mai tsabta. An kammala ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har shekarar 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, yaranta kuma suka yi ta zama cikin gubar duk tsawon wannan lokaci.

A shekarar 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda hukumomi suka tabbatar da mutuwar yara 28. A nan ma haƙar zinare ce silar. A shekarar 2022 MSF ta miƙa shirin Zamfara ga hukumomin jihar. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage haramcin a watan Disambar 2024.

Hanyoyin kariya

Abin da ƙwarewar waɗannan shekaru ta koyar shi ne cewa hana mutane sana'ar da suke ci da ita ba ya ɗorewa, amma sauya yadda ake yin ta yana ceton rai. Manyan matakan su ne fitar da niƙa da wankin dutse zuwa bayan gari, nesa da gidaje da rijiyoyi, da jiƙa dutsen yayin niƙa domin hana ƙura tashi. Wajibi ne ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida, kada kuma a yi amfani da turmi ko buhu ko injin da ya taɓa dutse wajen sarrafa abinci. A nisantar da yara da masu juna biyu daga wurin aiki, a riƙa wanke wa yara hannu kafin cin abinci.

Haɗarin bai tsaya ga yankunan haƙar ma'adinai ba. A birane, fasa tsofaffin batura da narkar da su a cikin unguwanni, da tsohon fenti mai ɓarewa, da wasu nau'o'in kwalli da ake yi daga dutsen dalma, duk hanyoyi ne da gubar ke isa ga yara. Gwajin jini kaɗai ke tabbatar da ita. Duk iyalin da ke zaune kusa da irin waɗannan wurare, idan yaro ya fara yawan amai ko kasala ko jijjigar da ba ta jin magani, ya kamata a gaggauta kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita irin sana'ar da ake yi a gidan ko a unguwar.