Daga kontak zuwa iginaita: tarihin wutar da ke tayar da tsohuwar mota

Idan kana bin hanyar Kalgo zuwa Jega, ko ta Gwandu, a watan Afrilu, wataƙila ka taɓa ganin wannan: mota tana cikin tafiya sai ta mutu, direba ya buɗe bonet ya jira, bayan ɗan lokaci kuma ta tashi kamar ba abin da ya faru. Wasu su ce mai ne, wasu su ce batir. Sau da yawa kuwa laifin wata 'yar na'ura ce da ba ta fi kwalin ashana ba, tana cikin distiributo ko a jikinsa. Makanikai na ce mata iginaita ko modul. Bari mu ga inda ta samo asali.

Fetur ba ya kamawa a cikin inji sai filogi ya yi tartsatsi. Batir kuma bolt 12 kawai yake bayarwa, alhali tartsatsin yana buƙatar dubban bolt, har ya kan wuce 20,000. Koyil ne ke yin wannan ninki, amma sai an katse masa wuta farat ɗaya. To wa zai riƙa katsewar? A wajen 1910, injiniya Charles Kettering na kamfanin Delco a Amurka ya kawo amsa: wasu ƙarafa biyu ƙanana da ke buɗewa suna rufewa yayin da sandar distiributo ke juyawa. Su ne kontak. Motocin Cadillac ne suka fara amfani da tsarin, ya kuma yi shekara fiye da sittin yana mulki.

Sai dai lissafa aikin da ke kansu. Inji mai silinda huɗu da ke juyawa sau 3,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 100 a kowace daƙiƙa. Ƙarfen sai ya ƙone, ya cinye, saitin ya goce. Shi ya sa direbobin da, masu Peugeot 404 da 504, ba sa rabuwa da sanfefa da sukundireba. Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, goge kontak ya zama darasin farko na yaron gareji.

Canji ya zo ne daga tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947. Shi ma yana katse wuta, amma babu abin da ke motsi a cikinsa balle ya cinye. Da Amurka ta tsaurara dokar hayaƙin mota a 1970, kamfanoni suka nemi tartsatsi mai ƙarfi wanda ba ya gocewa. Chrysler ya sa tsarin lantarki a duk motocinsa a 1973, General Motors ya biyo baya a 1975, ya cusa modul ɗin cikin distiributo. Toyota da Honda ma sun yi haka daga baya.

Mu a nan, yawancin waɗannan motoci a tokumbo suka iso. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma ga na hannu daga Turai, galibi ta tashar Kwatano: Golf, Starlet, Carina, Honda Accord da ake kira Hala. Har yau irinsu na ɗaukar fasinja da buhunan shinkafa da albasa tsakanin garuruwanmu.

Ga matsalar: babban maƙiyin tiransisto shi ne zafi. Yana fitar da nasa, injin na ƙara masa, ga rana da ke haura digiri 40 a bazarar Kebbi. Idan modul ya tsufa, zafi na sa haɗin cikinsa ya saki, in ya huce ya koma. Kontak a hankali yake lalacewa, kuma ana gyara shi a bakin hanya. Modul kuwa ba ya gyaruwa, sai canji.

Don haka idan za a canja maka, kula da abu huɗu. A fara gwada koyil, wayoyin filogi da na'urar da ke aika wa modul sigina, domin lalataccen koyil na iya ƙona sabon nan take. A cire kan batir kafin a taɓa waya. In za a ciro distiributo, a yi alama a mazauninsa don kada taimin ya goce. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa: a shafa farin man nan mai janye zafi a bayan modul kafin a ɗaure shi. Giris na yau da kullum ba ya maye gurbinsa. Ba tare da shi ba, sabon da ka saya da tsada zai iya mutuwa cikin ƙanƙanin lokaci.

Motocin zamani sun bar distiributo gaba ɗaya, kwamfutar mota ce ke ba kowane filogi wuta ta koyil ɗinsa. Amma muddin tsofaffin na kai mutane kasuwa da asibiti, sanin wannan 'yar na'ura zai iya hana ka sayen famfon mai ko batir a banza, ya kuma hana ka kwana a hanya.